Turakun da Na Kafa wa Surukata

Zainab, ke ce babba, kuma ke kika fi riƙe maganar a ranki, don haka da ke zan fara, ƙannenki su saurara. Kun taso kuna jin ana cewa ni na tashi kakarku, Sitti, daga gaban shagonmu na unguwar Hindawiyya a nan Makka. Ba wanda ya taɓa zaunar da ku ya faɗa muku haka, amma magana ce da ake yi da ido a gidan suna da gidan biki, kuma na ga lokacin da ta shige ki, don daga shekarar nan kika daina miƙo mini shayi a hannu, sai ki dire a ƙasa ki wuce. Ni ba mutum ne mai iya zama ya yi dogon bayani ba, kun sani. Uwarku takan ce ko a kabari sai na yi juyi. To yanzu gwiwa ta zaunar da ni dole, bari in faɗi yadda aka yi, ku yanke hukuncinku da kanku.

Shagon kun san shi, amma ba ku san yadda yake ci ba. Baƙala ce, kantin kayan masarufi, 'yar ƙarama a bakin titi, shinkafa da madara da burodi da ruwan gora. Sunan kawunku Faisal ne a kan lasisi, shi ne kuma kafilina, mai tsaya mini a wurin hukuma, tun da na zo daga Katsina na auri yayarsa, ni kuwa ni ne a tsaye a ciki wuni guda. Rabin cinikinmu ba ta ƙofa yake shigowa ba. Mutumin Makka ba ya son fita daga sanyin motarsa ya taka zafin ƙasa, sai ya hau daɓen gaban shago da motar, ya kawo hancinta har kusa da ƙofa, ya danna hon, ka fito da sauri, ya sauke gilashi kaɗan ya faɗi abin da yake so, ka kawo masa. Haka ake yi a duk layin, ba wanda ya ɗauke shi laifi. A shekarun nan da ake ta rushe-rushe a kewayen Harami, aka tashi gidaje wajen Jarwal, sai motoci suka ƙaru a titinmu, 'yan tasi da masu jigilar ma'aikata, kowa na neman hanyar yanke. Daga azahar zuwa isha'i da wuya ka ga daɓen nan babu motoci a kai, wata na hawa wata na sauka.

A hagun ƙofa, tsakanin bango da inda motocin ke tsayawa, nan Hajiya take shimfiɗa tabarmarta. Ku Sitti kuke ce mata irin na Larabawa, ni Hajiya nake cewa, kuma har yau bakina bai taɓa faɗin sunanta ba. Tana yarinya aka zo da ita ƙasar nan ta hanyar Sudan, ta yi aure a nan, ta binne mijinta a nan. Kuka take sayarwa da daddawa da busasshiyar kuɓewa da yaji da zoɓo, duk a ƙulle cikin 'yan ledoji a kan faifai. Ba yunwa ta fitar da ita ba, Faisal yana da aikin albashi kuma ya sha roƙonta ta huta. Tabarmar nan ce fadarta. Matan Hausawa na unguwar Nakkasa in sun gangaro sai sun tsaya a wurinta, alhajin da ya ɓata yana neman mai jin Hausa a nan ake kawo shi, wanda ya mutu da wadda ta haihu da wanda aka kama ba iƙama, wato takardar zama, ita ke fara ji. Shekara da shekaru muna wuni ƙofa ɗaya ce tsakaninmu, ban taɓa haɗa ido da ita ba. Da safe in tuɓe takalmi in durƙusa daga nesa in gaishe ta, ta amsa tana kallon faifanta. In za ta ambace ni wajen wani, mai shago take cewa. Ku 'yan Makka kuna yi wa wannan dariya, Faisal ma yana yi, amma ni haka aka raine ni, ita ma haka, kuma saboda shi take ganin mutuncina. In akwai magana tsakaninmu, uwarku Saratu ce take ɗauka ta kai, ta dawo da amsa.

Wata rana bayan la'asar, na ɗaga ƙofar shago ke nan da dawowa daga masallaci, wani mutum ya hau daɓen da farar mota babba, waya a kunnensa. Ya je taka birki ya taka totur. Ina kallo motar ta yi tsalle, ta bi ta kan faifan daddawa, ta je ta daki bango. Da ƙura ta lafa sai ga Hajiya zaune yadda take, ƙarfen gaban motar yana gogar mayafinta, takalminta ɗaya a ƙarƙashin taya. Mutumin ya fito yana rantsuwa, mutane suka taru. Ita kuwa ta kakkaɓe zanenta, ta dubi ledojin da suka fashe.

"Allah ya tsare," ta ce da matar da ke kusa da ita. "A ce masa ya ja baya, ina son takalmina."

Washegari ta dawo ta shimfiɗa tabarma a daidai wurin, tabon motar yana bango a saman kanta. Ita ta wuce wurin, ni ne ban wuce ba. Tsoro ya shige ni irin wanda ban taɓa sani ba. In na ji hon sai in saki abin da ke hannuna in yi waje. Ina auna sukari ina leƙe, ina ba da canji ina leƙe, har a sahun salla kunnena yana titi. Na fara tsayawa a gaban motoci ina ɗaga musu hannu kamar ɗan sandan hanya, na yi faɗa da masu sayayyar da muka shekara muna mutunci. Na jera buhunan gawayi a gefenta, aka ture su. Na ajiye bulo, wani ya ɗauke ya tokare ƙofarsa da shi. Abinci ya daina yi mini daɗi, uwarku ta ce na rame kamar mai jinya.

Ana cikin haka sai ma'aikatan baladiyya, hukumar gari, suka bi layinmu shago shago suna sanarwa. An sa doka, duk shagon da ke fuskantar titi sai ya kafa turakun ƙarfe a gabansa, masu kauri, a dasa su cikin siminti, don mota ta daina kaiwa ga masu tafiya a ƙasa. Sauran masu shaguna suka hau ƙunƙuni, ni kuwa ji na yi kamar addu'ata aka amsa. Sai dai kowa ya gano dabara nan da nan. In ka kafa turakunka dab da ƙofa, ka cika doka a ido, kuma mota za ta ci gaba da hawa daɓe tana danna hon. In ka kafa su a can bakin titi, daɓen ya zama na mutane, cinikin hon ya mutu. Dab da ƙofa kuwa yana nufin tabarmar Hajiya tana waje, tare da motoci. Da Faisal ya zo da yamma na tare shi tun bai zauna ba.

"A bakin titi za mu kafa su," na ce.

"Ya Abu Zainab, kowa a ƙofa yake sawa. Mu ma a ƙofa, halas, an gama magana."

"Uwarka ce fa a wajen. Ka ga bangon nan ko ba ka gani ba?"

"Na gani." Ya juya makullin mota a yatsansa, bai dube ni ba. "Wallahi ba ka gane ba. Ka tambayi Ummi tukuna."

"Ni in tambaye ta? Da wane bakin? Ka dai faɗi gaskiya, cinikin hon kake ji."

Fuskarsa ta canja, ya shiga motarsa ya tafi. Ni kuma na ɗauki tafiyar nan tasa a matsayin na kama shi. Ina da saurin yanke wa mutum hukunci, wannan ba sai an gaya muku ba. Duk da haka na bi hanyar da na sani, na aiki uwarku. Na ce ta gaya wa Hajiya ina so in kewaye wurin zamanta da ƙarfe, mota ba za ta sake kusantar ta ba, me ta gani. Saratu ta je ta daɗe, ta dawo tana ninke mayafi, ta ce Hajiya ta sa mini albarka. Na ce shi ke nan abin da ta ce? Ta ce shi ke nan. Ban ƙara tambaya ba, don abin da nake son ji ke nan.

Na jira Faisal ya tafi Jidda wani aiki na kwanaki, na kira mai walda da masu haƙa. Muka fasa daɓen a can bakin titi, muka dasa turakun a jere tun daga kan iyakar maƙwabcinmu na dama har na hagu, aka zuba siminti, na sa aka shafa musu fenti ja da fari. Ni da kaina na riƙa girgiza kowanne ina gwada ƙarfinsa, mai walda yana cewa Alhaji ko tankar ruwa ce ta zo sai ta tsaya. Hajiya tana zaune tana kallon aikin daga farko har ƙarshe. Abu ɗaya na ji ta faɗa, da wata mai sayen kuka take yi.

"Yau kuma mun zama awaki, an kafa mana turke."

Na yi dariya a cikin shago, na ɗauka wasa ne irin na tsofaffi. Ranar na ci tuwo har na nemi ƙari. Masu duba aiki suka zo suka yaba, suka ce ga yadda ake so, har suka nuna wa maƙwabta namu. Faisal ya dawo ya tsaya a bakin titi ya dubi turakun, bai shigo ba. Ciniki ya ja baya kamar yadda kowa ya sani zai ja, masu hon suka koma shagon gaba, ban damu ba. Daɓen ya zama fili fetal, yara 'yan makaranta suna tsayawa a kai suna shan abin sanyi, Hajiya a zaune a tsakiya ba abin da ya kare ta.

Abin da ban yi tunani ba ke nan. Talla a kan daɓe haramun ce a dokar gari, kowa ya sani, tun kafin in zo ƙasar. Motar masu kama 'yan talla tana bin titinmu lokaci lokaci, amma duk shekarun nan in ta wuce, abin da take gani motoci ne jere a gaban shago, tsohuwar da ke zaune a ƙasa a bayansu ba a hango ta. Motocin da nake ganin za su kashe ta su ne labulenta. Yanzu tun daga mahaɗar titi kana hango farin mayafinta da faifanta. Zuwan farko suka kwashe kayan, cikin ladabi, suna ce mata ya hajja. Ta sake haɗa wasu ta dawo. Zuwa na biyu suka shigo wurina suka ce in aka sake ganin talla a gaban shagon nan, shagon za a rufe. Ban gaya wa kowa ba, amma a gabanta aka faɗa, kuma Larabcinta ya fi nawa. Da safe na zo na tarar da wurin a share, babu tabarma. Garin neman gira na rasa ido.

A ranar uwarku ta faɗa mini sauran saƙon, tana kuka. Ashe Hajiya ta ce mata a gaya wa mai shago ya bar motocin nan, su ne rufin asirinta. Saratu ta ji, ta tuna takalmin nan a ƙarƙashin taya, ta haɗiye rabin maganar ta kawo mini albarkar kawai. Ita ma uwarta take so da rai. Faisal kuma ya sani tun farko, amma mutum ne ɗan ƙasa mai aikin ofis, bakinsa ba zai iya furta cewa uwarsa tana ɓuya a bayan motocin mutane tana sayar da daddawa ba, ya gwammace in kira shi mai son kuɗi. Kowannenmu da irin kunyarsa, ita kuma tana zaune ƙofa ɗaya da ni da amsar a bakinta. Na yi fushi da uwarku, na yi fushi da Faisal, na rasa inda zan sa kaina. Cire turakun kuwa ba zai yiwu ba, an riga an duba an amince, taɓa su neman rufe shago ne. Kuma ku ji da kyau, ko da zai yiwu ba zan cire ba. Na ga yaran da ke tsayawa a bayansu. Akwai na tsakiya da wata mota ta lanƙwasa daga baya, har na bar shagon ban bari an miƙe shi ba. Dokar nan ba ta yi laifi ba, kuma ban yarda na yi ba.

Makonnin da ta yi a gida ku kun fi ni sani, don ku kuke kai mata abinci a ɗakinta na gidan Faisal. Mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, yana ta hura sanyi, talabijin a kunne, ita tana zaune a bakin gado da mayafinta a jiki kamar mai jiran mota. Ƙafafunta suka kumbura. Matar da ake jin muryarta daga tsallaken titi ta koma amsa gaisuwa da kai. Matan Nakkasa suka zo sau ɗaya sau biyu, hawan bene ya gajiyar da su. A lokacin ne maganar ta fara yawo cewa mijin Saratu ya kori surukarsa don ya gyara gaban shago, kuma wa zai tsaya ya bi gida gida yana warwarewa? Ni dai ina shago ina kai da komo tsakanin kanta da ƙofa, ina duban wurin da babu kowa, ina jin kamar in yi ihu.

Sai wata safiya na ɗaga ƙofa na hango farin mayafi a tsallaken titi. Akwai wani tsohon gida da aka bari ba kowa, bangonsa a kan kwalta yake, babu daɓe ko na tafin hannu, 'yan tasi suna ajiye motoci a jikinsa. A nan ta shimfiɗa tabarma, a ɗan tsakanin wata tasi da bango, inda in direba ya yi ribas bai duba ba, ba ta da wurin matsawa. Wurin ya fi na da muni nesa ba kusa ba. Na tsaya a bayan turakuna masu fenti ina kallonta. Na shiga shago, na fito, na sake shiga. Daga nan ban san lokacin da na tsallaka titin ba. Na tuɓe takalmi a kan kwalta mai zafi, na durƙusa a gabanta kusa yadda ban taɓa yi ba, na yi abin da ubana zai ji kunyarsa, na yi wa surukata magana kai tsaye.

"Hajiya, don girman Allah ki tashi daga nan. Wurin nan ba shi da kyau."

Ta ci gaba da jera ledojinta.

"Baban Zainab," ta ce, tana kallon faifai. "Na san don ni ka yi. Ban riƙe ka ba."

"To ki koma gida ki huta. Duk abin da kike so za a kawo miki."

"Kai mota kake tsoro ta kashe ni. Ni ɗakin nan nake tsoro. Mota in ta zo sau ɗaya za ta yi." Ta miƙa wa wata mata ƙullin yaji, ta karɓi kuɗinta. "Tashi ka koma, an shiga shagonka."

Na tashi na koma. Wunin ranar ban san me na sayar ba. Duk tasin da ta tayar a jikin bangon nan sai na ji ƙafata tana taka birkin da babu shi. Na yi tunanin in je in roƙi 'yan tasin ɗaya bayan ɗaya, amma kullum sababbi ne. Na yi tunanin in kafa mata turaku a can, na tuna ba gaban shagona ba ne, kuma turaku ne suka tone ta. Abin da take buƙata shi ne abin da zai tare mata mota, ya kuma tare mata ido, kuma duk duniya abu ɗaya na sani mai yin biyun nan.

Muna da tsohuwar akori-kura ta ɗauko kaya daga kasuwa. Washegari bayan asuba, kafin 'yan tasi su kama wuri, na kai ta jikin bangon na ajiye, na bar fili tsakaninta da bango daidai shimfiɗar tabarma da wurin tsugunnin mai saye. Na ja birkin hannu, na sa ta a giya, na tokare tayoyin da duwatsu. Kayan shago na koma ɗaukowa a motar haya, da Faisal ya gani, daga baya ma shi ya riƙa biyan ɗan dakon. Hajiya ta zo ta tarar da motar, ta zagaya ta baya ta shimfiɗa tabarmarta kamar dama can haka aka saba. Ba ta aiko da godiya ba, ban kuma jira ba. Kullum da asuba nake kawo motar, sai dai saboda tsoro nakan ajiye ta nesa da inda Hajiya take zama, in bar rata mai yawa ta baya, don ko a mafarki ba na son in ga ƙarfen mota kusa da ita.

Ranar da na makara, na iso ta riga ni, tana zaune ta jera kaya. Na lallaɓa na tsayar da motar can gaba, na kashe, na fito zan sa duwatsu. Sai na ji muryarta, ba da wata mai saye take yi ba, da ni take.

"Baban Zainab, matso da ita baya. Ana hango ni."

Na koma na zauna a kujerar direba, na tayar. Na sa ribas. A madubi ba na ganin komai sai saman farin mayafinta, tana sunkuye tana ƙulla leda, ko ɗago kai ba ta yi ba. Ƙafata a kan birki, na riƙa sakinsa kaɗan kaɗan ina karanto duk addu'ar da na iya, motar tana tafiya wajenta. Sai da na ji ta buga ƙarfen bayan motar da tafin hannunta sau biyu, na tsaya.